Yadda Ake Rage Shara da Cin Wuta a Masana'anta Tun Daga Teburin Zane

Guntayen ƙarfen da ake sharewa a ƙarƙashin injin yanka kowace yamma ba laifin ma'aikacin da ke kan injin ba ne. Mai zane ne ya yanke hukuncinsu watanni kafin a kunna injin, ranar da ya zaɓi siffar da ba ta zama daidai a kan falle. Haka wutar da famfo ke sha, haka na'urar da ake jefarwa don batirinta ya mutu alhali an manne shi da gam. Da zarar an sassaƙa mazubi, an binne bututu, an sayo injuna, abin da ya rage a hannun mai kula da aiki bai wuce kashe fitila da toshe yoyo ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa masana'antu da ƙirƙira a matsayin muradi na 9 cikin muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa. Wannan a takarda ke nan. A teburin zane kuwa maganar takan koma kaurin bango, faɗin bututu da irin sukurun da za a ɗaura.

Fara da awo

Kafin ka taɓa zane, ɗauki wata guda ka rubuta nauyin duk abin da ya shiga masana'anta: ɗanyen kaya, ruwa, sinadarai, kayan naɗi. Sannan ka rubuta nauyin duk abin da ya fita: kayan da aka gama, guntaye, waɗanda aka mayar don aibi, ruwan datti, ƙura. Dole ɓangarorin biyu su zo ɗaya. A ce tan 100 ya shiga, 78 ya fita a matsayin kaya, an auna guntaye 15. Ina tan 7? Yawanci can ɓarnar take, a ƙurar da fanka ke fitarwa, a wankin tanki, ko a cikawar da ake yi fiye da ƙima don kada a yi ƙasa da ma'auni. Kuma in za ka yi lissafin asarar guntaye, kada ka tsaya a kuɗin kwashe su. An sayo su a farashin sabon kaya, an ƙona wuta a kansu, an biya ma'aikaci ya sarrafa su. Ƙa'idar ISO 14051, ta hukumar ƙa'idoji ta duniya, a kan wannan lissafin aka gina ta.

Wuta ma haka. Mitar bakin ƙofa jimla kawai take ba ka. Maƙala na'urar ɗaukar awo a kan manyan injuna biyar ko shida, ka bar ta mako guda cur, har da dare da ranakun hutu. Abin da masana'anta ke ci da tsakar dare, lokacin da ba a ƙera komai, shi ne abu na farko da za ka bi diddiginsa.

Sai tambaya mafi muhimmanci: a wane mataki na rayuwar kayanka nauyin yake? Firiji ko injin lantarki, mafi yawan ɓarnarsu a shekarun aiki take, don haka ko da ƙarin tagulla za a sa musu su rage cin wuta, an ci riba. Kujera ko kwalin naɗi ba sa cin komai bayan sun bar masana'anta, nauyinsu duk yana cikin abin da aka yi su da shi. Wayar hannu kuma, mafi yawan hayaƙin da ke wuyanta tun wajen ƙera ta ya fita, shi ya sa ƙara mata shekara biyu ya fi duk wata dabarar rage cin caji. Ƙa'idojin ISO 14040 da 14044 sun tsara yadda ake bin kaya daga haƙar ma'adini zuwa juji. Ba sai ka yi cikakken nazarin tun farko ba, lissafin shafi guda ya isa ya nuna maka inda za ka sa ƙarfi.

A kula da abin da ake kwatantawa. Aikin da kaya ke yi ake aunawa, ba kayan ba. Fenti biyu ba a gwada su lita da lita, sai dai a tambaya nawa ake buƙata a rufe murabba'in mita ɗaya ya kai shekara goma. Wanda ya fi tsafta a lita amma sai an sake shafa shi sau uku, ya faɗi.

Siffa kafin kaya

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da canza kaya, alhali gyaran siffa ya fi sauƙi kuma ya fi biya. Ƙarfin da sanda ke da shi na ƙin lanƙwasa yana bin tsayin tsayuwarta ne sau uku a jere: ka ninka zurfinta biyu, taurinta ya ninka takwas, nauyi kuwa biyu kawai. Wannan ne ya sa ake naɗe bakin falle, ake buga masa kwari, ake amfani da bututu maimakon dunƙulen sanda. Fallen da aka naɗe gefensa yakan yi aikin wanda ya fi shi kauri nesa ba kusa ba.

Alminiyam misali ne na inda ake ruɗuwa. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, 2.7 a kan 7.85, amma taurinsa ma kashi ɗaya cikin uku ne, saboda haka sai an ƙara kauri. Kuma fitar da sabon alminiyam daga ma'adini yana cin kilowat-awa 13 zuwa 15 na lantarki a kowane kilo, a wajen narkarwa kaɗai. Wanda aka sake narkarwa daga tsoho bai wuce kashi 5 cikin 100 na makamashin sabo ba. A jikin abin hawa, inda kowane kilo ke shan mai shekara da shekaru, canjin yana iya mayar da bashinsa. A jikin kabad ɗin da zai tsaya wuri ɗaya har ƙarshen rayuwarsa, sabon alminiyam asara ce tsantsa.

A kayan roba da ake ɗurawa a mazubi, kaurin bango ne ke mulkin komai. Lokacin sanyaya yana bin kauri sau kauri. Ka sauko daga milimita 3 zuwa 2, roba ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, lokacin sanyaya kuma ya dawo ƙasa da rabi, wato inji ɗaya ya ƙara yawan abin da yake fitarwa. Ƙarfin da aka rasa sai a dawo da shi da haƙarƙari a ciki. Sai dai kaurin haƙarƙarin kada ya wuce kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na bangon da ya tsira a kai, in ya wuce za ka ga lotsawa a fuskar kayan, daidai bayansa. A ba bango karkata ta digiri 1 zuwa 2 don ya fita daga mazubi ba da kokawa ba. Kada kuma a yi kauri a nan, siranta a can, don wajen sanyi ɗaya zai ja ɗaya, kayan ya murɗe. In aka zarce wajen rage kauri, roba takan daskare kafin ta cika mazubi, sai yawan na zubarwa ya cinye ribar.

A aikin falle, kafin a amince da zane a jera siffar a kan ainihin girman fallen da ake saya. Sau da yawa rage milimita 4 ko 5 a kunnen da ba ya ɗaukar nauyi shi ke sa layi guda ya ƙaru. Ramin da aka huda a babban guntu, a duba ko cikinsa zai fitar da ƙaramin guntu. A kuma bi duk wani awo da aka tsananta a zane a tambayi dalilinsa, domin tsananin da ba shi da aiki ƙarin gogewa ne da ƙarin kayan da za a ƙi.

Geoffrey Boothroyd da Peter Dewhurst sun bar wa masu zane tambayoyi uku da ake yi wa kowane guntu: yana motsi dabam da maƙwabcinsa? Dole ne a yi shi da wani kaya dabam? Dole ne ya rabu don haɗawa ko kwancewa? In amsa ukun a'a ce, a haɗe shi da na kusa. Dabara ce mai kyau, amma masu gaggawar rage guntaye sukan tsallake ta ukun, su narkar da abin da ke lalacewa cikin abin da ba ya lalacewa.

Zana wa ranar da zai lalace

Kowane kaya yana da sassan da ke riga sauran mutuwa, kuma sanannu ne: batir, boris, robar hana yoyo, bel, makunni, kafasita (ɗan abin da ke ajiye caji a allon lantarki), da waya a daidai inda take lanƙwasa. Rubuta su, ka sa kiyasin rayuwar kowanne a gefensa. Sannan ka miƙa samfurin ga makanikin da bai taɓa ganinsa ba, da kayan aikin da ke cikin akwatin kowa, ka riƙe agogo ka yi shiru. Kada ka nuna masa komai. Inda ya tsaya yana jujjuya kayan yana neman ɓoyayyen sukuru, inda ya sa bakin sukundireba ya ɓalle wani harshe na roba, nan zanenka ya gaza. Ƙirga matakan da ya bi kafin ya kai ga kowane sashe mai saurin mutuwa. Wanda ya fi saurin lalacewa shi ya kamata ya fi kusa da murfi.

Sukuru ya zama iri ɗaya, kai ɗaya, in da hali tsawo ɗaya. Wanda aka ɗaura kai tsaye cikin roba yakan cinye zarensa bayan an kwance shi 'yan lokuta, don haka murfin da za a riƙa buɗewa a dasa masa mazaunin ƙarfe. Murfin kaɗai, ba ko'ina ba, domin ƙarfen da ke cikin roba yana ba masu niƙa ta wahala daga baya. Gam a bar shi sai inda ba makawa. Kafasita mai ruwa a ciki, ƙa'idar da masu ƙera ta ke bayarwa ita ce duk ragin zafi na digiri 10 yana ninka rayuwarta biyu. Matsar da ita santimita biyu daga abin da ke zafi a kan allo ba ya cin ko sisi, amma yana iya zama bambancin na'urar shekara uku da ta shekara shida.

Wannan ya daina zama zaɓi ga mai son sayarwa a manyan kasuwanni. A 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, kuma abin da aka tattara aka sake sarrafawa a hukumance bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Faransa ta fara tilasta liƙa makin sauƙin gyara, daga sifili zuwa 10, a kan wasu kayan lantarki tun Janairun 2021, inda ake duba sauƙin kwancewa, samuwar kayan gyara, farashinsu da takardun bayani. Tarayyar Turai ta kafa sabuwar dokar zanen kaya a 2024, kuma dokarta ta batir ta ce daga 2027 batirin yawancin ƙananan na'urori ya zama mai ciruwa.

Bayan gyara sai sake sarrafawa, kuma a nan dole ka san yadda injin tantance shara yake gani. Yana haska roba da wani haske da ido ba ya gani, ya gane irinta daga abin da ya dawo. Robar da aka baƙanta da baƙin kabon tana shanye hasken, injin bai gan ta ba, sai ta wuce juji ko wuta komai kyanta. Akwai baƙin launi da injin ke iya karantawa, a nemi shi, ko a bar baƙin. Mataki na gaba wanka ne: PET, robar kwalbar ruwan sha, ta fi ruwa nauyi, tana nutsewa, PP da PE, robar murfi da leda, suna tasowa. Saboda haka kwalbar PET a yi mata murfi da lakabi na PP ko PE, ruwa da kansa zai raba su. Lakabin PVC, irin robar bututun ruwa, kuwa tare da PET yake nutsewa, kuma a zafin da PET ke narkewa, wajen digiri 250, PVC ta riga ta ƙone tana fitar da asid. Ɗan kaɗan ya isa ya ɓata tan guda. Leda mai hawa-hawa da aka manne roba iri biyu ko uku da fallen alminiyam ba ta rabuwa, gara a nemi mai hawa-hawa daga dangin roba ɗaya. A buga sunan robar a jikin mazubi yadda ISO 11469 ta tsara, kamar >PP<, don ya fito a kan kowane guntu.

Ƙarfe ma yana da nasa makiyin, wato tagulla. In ta narke cikin ƙarfe ba ta fita ta hanyar tacewar da aka saba, kuma tana sa shi tsagewa wajen murzawa da zafi. Ƙarfen da ya sha tagulla daga wayoyi da ƙananan injuna ba ya komawa fallen jikin mota, sai dai rodi. Mai zanen da ya tara wayoyi a damƙi ɗaya mai fizguwa da hannu ya ceci darajar ƙarfen.

In za ka sa tsohuwar roba cikin sabon kaya, fara da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, ka gwada ƙarfin bugu da yadda take gudu a narke a kowane kaso da aka kawo, don ba ta zuwa iri ɗaya. PET a busar da ita sosai kafin narkarwa, in ba haka ba danshi zai tsinka ta, kayan ya fito da gautsi.

Manyan injuna kuwa sun fi dacewa da sabuntawa a masana'anta. Kamfanin Caterpillar, mai ƙera manyan injuna, na yin haka tun 1973: a karɓi tsohon inji, a kwance, a wanke, a auna, a canza abin da ya ci, a mayar da shi da garanti. Amma sai zane ya ba da dama: a bar rarar nama a inda za a sake gogewa, a sa hannun riga mai ciruwa a inda ake gugar juna, a kuma riƙe kuɗin ajiya a hannun mai saye don tsohon ya dawo.

Bututu kafin famfo

A cikin masana'anta, kusan kashi biyu cikin uku na lantarki injunan juyi ne ke sha, waɗanda ke tuƙa famfo, fanka, kwamfireso da bel. Abin da aka fi yi shi ne a sayi inji mai babban aji. Yana da kyau, amma duba girman ribar. Inji mai kilowat 30 na ƙaramin aji, IE1, yana mayar da kusan kashi 91 cikin 100 na wutarsa aiki, na babban aji, IE3, kusan 94. Maki uku ke nan. Babbar ɓarnar tana gaba da injin, a cikin bututu.

Gogayyar ruwa a bututu tana raguwa da faɗinsa kusan sau biyar a jere. Ninka faɗi biyu, gogayya ta dawo kusan kashi ɗaya cikin 30. Kowace kwana mai kaifi, kowane bawul da aka ɗan rufe, ƙarin kaya ne a kan famfo. Saboda haka a juya tsarin aiki: a fara shimfiɗa bututu a zane, gajere, miƙaƙƙe, mai faɗi, sannan a jera tankuna da injuna a inda bututun ya bi. Akasin haka aka saba yi, a ajiye injuna, sannan a ce mai haɗa bututu ya san yadda zai yi. A 1997 kamfanin Interface ya bi wannan hanya a wata masana'antar kafet a Shanghai, ƙarfin famfon da ake buƙata ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Bututu mai faɗi ya fi tsada, amma famfo, inji da kayan wutarsa duk sun ƙanƙance.

Sai gudun inji. A famfo da fanka masu juyi, wutar da ake ci tana bin gudu sau uku a jere. Rage gudu da kashi 20 cikin 100, wuta ta dawo kusan rabi. Inda ake rage ruwa ta hanyar shaƙe bawul alhali inji na gudu a ƙarshensa, tamkar a taka totur da birki tare ne. A sa na'urar sarrafa gudu, a buɗe bawul. Amma a kula: wannan lissafi na inda gogayya ce babban kaya. In aikin famfon ɗaga ruwa ne zuwa tanki mai tsawo, rage gudu kaɗan zai sa ruwan ya kasa kaiwa, famfon ya yi ta dama ruwa yana zafi. Kuma a daina tara rara a kan rara. Mai lissafi ya ƙara kashi 10, shugabansa ya ƙara, mai sayarwa ya ba da girma na gaba, a ƙarshe a sami famfon da bai taɓa aiki a inda aka ƙera shi ya yi ba.

Matsattsiyar iska ita ce makamashi mafi tsada a masana'anta. Daga wutar da kwamfireso ke ci, abin da ke isa bakin aiki bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, saura zafi ne. Rami mai faɗin milimita 3 a matsin ba 6 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne) yana zubar da kusan lita 10 a daƙiƙa, wato kimanin kilowat 3, dare da rana. Gwajin yoyo ba wuya: ranar hutu a rufe duk abin da ke amfani da iska, a kunna kwamfireso, a auna mintunan da yake ɗaukar kaya da waɗanda yake hutawa. In yana ɗaukar kaya minti 2 cikin kowane 8, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa yoyo yake ciyarwa. Rage matsi da ba 1 yana rage wuta da kusan kashi 7 cikin 100. In inji ɗaya ne ke buƙatar babban matsi, a ba shi nasa ƙaramin abin ƙarawa, kada a ɗaga na kowa dominsa. A sabon zane kuma, duk inda injin lantarki ko fanka za su iya aikin, kada a kai iska wurin.

Zafi da ruwa

Rubuta duk abin da ake dumamawa da duk abin da ake sanyayawa, da zafin shigarsa, zafin fitarsa da yawansa. Za ka tarar ana ƙona mai a dumama ruwa a wannan kusurwa, ana kunna fanka a sanyaya wani a waccan. Bodo Linnhoff da abokan aikinsa sun tsara hanyar haɗa irin waɗannan a ƙarshen shekarun 1970 a Ingila, kuma gindinta ɗaya ne: zafi mai daraja a ba aikin da ke buƙatar babban zafi, ɗumi a ba mai buƙatar ɗumi. A bar tazarar digiri 10 zuwa 20 tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, in ta yi ƙasa da haka na'urar musayar za ta yi girman da ba za ta biya ba. A tabbatar kuma lokacinsu ɗaya, don zafin da ke fita da safe ba ya amfanar aikin dare sai da tankin ajiya.

A tukunyar tururi, duk ragin digiri 20 a zafin hayaƙi yana ceto kusan kashi 1 cikin 100 na mai, haka ma duk ƙarin digiri 6 a ruwan da ke shiga. A mayar da ruwan da tururi ya koma, mai zafi ne kuma an riga an tace shi. Amma in man yana da farar wuta, kada a sanyaya hayaƙi har ya yi raɓa, raɓar asid ce, za ta cinye bututun hayaƙin.

Wajen ɗauraya, a jera tankuna ruwa na tafiya kishiyar kaya: sabon ruwa ya shiga tankin ƙarshe, ya malalo zuwa na farko. In ana son a tsarma dattin da kaya ya ɗauko sau 1,000, tanki ɗaya zai ci lita 1,000 a kan kowace litar datti, biyu a jere kusan 32, uku kusan 10. Barin kaya ya ɗiga na daƙiƙa 10 a kan tankin sinadari kafin ya wuce yana rage dattin tun daga tushe.

Sharar wani

A Kalundborg ta ƙasar Denmak, abin ya faro ne a 1961 da bututun ruwa daga tafkin Tissø zuwa matatar mai. A 1972 masana'antar allon rufi ta Gyproc ta fara karɓar rarar gas daga matatar. Daga baya tashar wuta ta Asnæs ta riƙa ba gari da kamfanin Novo Nordisk tururi, jifsam (farin garin da ake yin allon rufi da shi) ɗin da ke fita daga wanke hayaƙinta kuma ya koma allon rufi. Ba wanda ya zana tsarin gaba ɗaya, yarjejeniya ce ɗaya bayan ɗaya, kowace da ribarta. Mai son yin irinsa ya ware shararsa tun daga bakin inji, ya san abin da ke cikinta a rubuce, domin ba mai sayen gauraye. Ya kuma tanadi madadi, don ƙasashen da ke rufe tashoshin kwal yanzu masu siminti da allon rufinsu na neman inda za su sami toka da jifsam.

Gwada sabon abu ba tare da ƙona hannu ba

Siminti ya nuna inda ƙirƙira ke da amfani. Ana gasa klinka, dunƙulen da ake niƙawa ya zama siminti, a digiri 1,450, kuma fiye da rabin iskar kabon da ke fita daga jikin dutsen take fitowa, ba daga mai ba, don haka gyaran murhu kaɗai ba ya kashe maganar. Masu bincike a Suwizalan da Kuba da Indiya suka rage klinkar kanta: kashi 50 klinka, 30 yumɓun da aka gasa a wajen digiri 800, 15 niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa, 5 jifsam. Hayaƙi yana raguwa har zuwa kashi 40 cikin 100. Amma yumɓun yana shan ruwa, sai an gyara sinadarin sassauta kwaɓi, kuma launinsa kan yi ja-ja, abin da kan sa mai saye ɗari-ɗari ko da ƙarfin ya cika.

Gas ɗin firiji kuma ya nuna inda ake gudu ba a tsira ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kori gas ɗin da ke cin rufin ozon, wanda ke tare zafafan hasken rana a sama, aka koma gas ɗin R134a, sai ga shi yana riƙe zafi sau 1,430 fiye da iskar kabon, har sai da aka sake zama a Kigali a 2016. Isobutan, wanda aka fara sawa a firijin gida a Jamus a farkon shekarun 1990, ya kauce wa matsalolin biyu, amma yana kama wuta, don haka aka taƙaita yawansa kuma aka rufe duk abin da ke tartsatsi a kusa da shi. Duk sabon kaya a yi masa tambayoyi huɗu a rubuce: me ya ƙara a guba, a ruwa, a haɗarin ma'aikaci, da ranar zubarwa?

Wajen gwaji, a ɗauki layi ɗaya, a canza abu ɗaya. A auna makonni huɗu kafin canji da huɗu bayansa, da mita ɗaya, a raba da yawan kayan da suka fita lafiya, ba da wata ba, domin watan da aka yi ƙarancin aiki yakan yi kama da nasara. A sa masu aikin dare a ciki, su ne za su mayar da bawul inda yake in ba a gaya musu dalili ba. A lura kuma da abin da William Stanley Jevons ya gani a 1865 game da kwal a Birtaniya: in abu ya yi sauƙin ci, akan ƙara cinsa. Saboda haka a riƙa duba awo biyu tare, na kowane kaya da na jimlar shekara.

In gwajin ya yi, a kai shi inda ba zai goge ba. A sabunta zane da lambarsa, a janye tsohon daga hannun kowa, a gyara takardar sayayya ta ambaci ajin inji, irin roba da irin launi da sunansu, a rubuta sabon matsi da sabon gudu a jikin injin. Bayan wata shida a sake maƙala mitar a wuri ɗaya, a kwatanta da awon farko.